Kambu, Karaya da Littafin Rajista: Lamarin Wani Kyaftin Ɗan Sakandare a Kano

Wannan bayani ne a kan ɗalibi guda da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta wata sakandaren gwamnati ta maza, ta jeka-ka-dawo, a bayan garin Kano, daga Satumbar 2022 zuwa Agustan 2024. Ni ne malamin wasanni na makarantar, ina kuma koyar da labarin ƙasa. Ba zan kama sunan yaron ko na makarantar ba. Kyaftin za mu riƙa ce masa, don sunan da ya bi shi ke nan har bayan kambun ya bar hannunsa.

Asalin lamarin: Satumbar 2022

Filinmu jar ƙasa ce da tsakuwa, babu ciyawa sai 'yar wadda damina ke bari a gefe. Turakun raga bututun ƙarfe ne, ragar kanta sai ranar wasa muke aro. Ƙwallaye uku gare mu, biyu sun sha faci. Yara 24 ne a ƙungiyar, daga 'yan aji uku na ƙaramar sakandare zuwa 'yan ajin ƙarshe. Muna atisaye Alhamis da Juma'a bayan la'asar, tunda ranakun ne babu Islamiyya, sai kuma Asabar da sanyin safiya.

Kyaftin shekararsa 16 a lokacin, yana SS2. Ɗan gaba ne mai buga hagu, kuma a shekarar da ta gabata, cikin ƙwallaye 19 da muka zura, 11 nasa ne. A aji tsaka-tsaki yake, lissafi ne ke ba shi wuya. Mahaifinsa yana auna hatsi a kasuwar Dawanau, ƙaramin jari ne, gida kuma mai 'ya'ya bakwai. Da na tashi naɗa kyaftin ban yi shawara da kowa ba. Na ɗauki kambu na miƙa wa wanda ya fi kowa iya ƙwallo, kamar yadda na ga ana yi tun ina ɗalibi.

Shekarar ba ta yi wa masoya ƙwallo a Kano daɗi ba. A watan Maris Ghana ta hana Super Eagles zuwa Qatar bayan kunnen doki 1-1 a Abuja, a Yuli kuma Kano Pillars, mai kofin gasar ƙasa har huɗu, ta faɗa rukuni na biyu. Idon yaranmu bai kasance a filin Sani Abacha ba, yana gidan kallo, yana Turai. A irin wannan yanayi ne wani mutum da ake ce wa ejen, wato dillalin 'yan wasa, ya fara zagayawa filayen unguwa, ya kuma gaya wa Kyaftin cewa zai kai shi gwaji ƙasar waje idan an haɗa wasu kuɗi. Dokar FIFA ta hana a sayar da ɗan wasan da bai cika shekara 18 ba zuwa wata ƙasa, sai a wasu 'yan halaye, kamar iyayensa su ƙaura can don wani dalili da ba ƙwallo ba. Yaron bai san da wannan ba. Ni kuma ban san da zancen ejen ɗin ba sai bayan wata biyar.

Oktoba zuwa Disambar 2022: alamun farko

Abin ya fara da tsawa. Duk wanda ya ƙi ba shi ƙwallo, ko ya ba shi a karkace, sai ya ji: "Kai makaho ne? Ba ka gan ni ba?" Daga tsawa aka koma zagi, ƙananan yara ne kuma suka fi shan sa, don manya suna iya ramawa. A tsakiyar Nuwamba, a wasan sada zumunta da wata makaranta, alƙalin wasa ya busa masa satar gida, ya bi shi da baƙar magana har ya tura shi da ƙirji. Jan kati. Muka ƙarasa da mutum goma, aka ci mu 3-1. Bai tsaya an tashi ba, ya cire kambun ya jefar a kan benci ya tafi gida.

Lokacin ba mu da rajista, amma rabon 'yan wasa ya ishe ni lissafi. A Oktoba muna raba sha ɗaya-sha ɗaya har da 'yan canji. Zuwa farkon Disamba bakwai-bakwai ma sai na tuɓe riga na shiga na cike. Wato daga 24 mun dawo 13.

Na ɗora laifin a kan gasar cin kofin duniya, wadda aka fara ranar 20 ga Nuwamba, ga wasan ƙarfe biyar na yamma yana cin karo da atisayenmu, ga Maroko tana ta ba da mamaki har wasan kusa da na ƙarshe. Na haɗa da hunturu. Aka gama gasar ranar 18 ga Disamba, aka yi hutu aka dawo, yaran ba su dawo ba. Wani ɗan ajin ƙarshe ne ya tare ni a bakin ofis ya ce, "Malam, ƙanena ya ce gara ya zauna a gida da ya zo a riƙa zaginsa har iyaye." Ruwa dai ba ya tsami banza.

Janairun 2023: abubuwa uku da na gwada

Na fara da horo. Duk zagi ɗaya, zagayen fili goma, in ya maimaita a ƙara da tsallen kwaɗo. Ya riƙa yin zagayen yana dariya, don gudu ne abin da ya fi kowa iyawa. A mako na biyu na iske ya sa wasu 'yan JSS3 guda biyu tsallen kwaɗo saboda sun makara da minti biyar. Da na tambaye shi ya ce, "Malam, ai haka kake yi min."

Sai na koma wa'azi. Na zaunar da shi a ƙarƙashin darbejiya na ba shi labarin Ahmed Musa: yadda ya zura ƙwallo 18 a kaka guda a Kano Pillars, yadda ƙungiyar VVV-Venlo ta Holan ta saye shi a 2010 amma dole aka jira ya cika shekara 18 a watan Oktoba kafin takardunsa su fita, yadda ya ci Ajantina biyu a 2014 da Iceland biyu a 2018, da yadda ya dawo ya sa rigar Pillars a 2021 ba tare da jin kai ba. Ya saurara da ladabi, kansa a ƙasa. Da na gama, tambayarsa ɗaya ce: nawa aka saye shi?

Na uku, na yi masa barazana a gaban kowa cewa in ya ƙara zagin wani zan karɓe kambun. Bayan kwana takwas ya ƙara. Gasar makarantun shiyyarmu saura mako uku, kuma na san idan ya yi fushi ya tafi babu mai ci mana ƙwallo. Na yi kamar ban ji ba. Yara goma sha uku suna tsaye, duk sun ji, duk sun ga na ji.

Fabrairu zuwa Maris na 2023: rauni

A mako na biyu na Fabrairu, a wani wasan share fage, ɗan baya ya shigo masa ta gefe ya haɗa da idon sawunsa na dama, ƙafar da yake dogarawa a kai idan zai buga. Nan take wurin ya kumbura, ya kasa takawa, aka ɗauke shi a kafaɗa zuwa bakin titi.

Duk wanda ke Najeriya a watan nan ya san halin da ake ciki. An canza fasalin takardun naira, tsabar kuɗi ta ɓace, mutum da kuɗinsa a banki amma ba shi da na mota, tiransifa kuma sai ta yini tana yawo. Mahaifinsa ya kai shi wurin mai ɗori na unguwa, wanda ya san gidan kuma zai iya jira. Mai ɗori ya taɓa ya ce targaɗe ne, ya ja, ya shafa magani, ya ɗaure.

Bayan kwana goma sha biyu sai ga Kyaftin a fili yana ɗingishi kaɗan, ya ce ya warke. A aljihunsa akwai ƙwayar kashe ciwo da ya saya a kemis. Ya matsa sai ya buga wasan farkon Maris. Daga baya na gane dalili: ejen ya ce ranar zai zo da wani baƙo su kalle shi. Na dubi ƙafar, na ga kumburin bai gama saɓewa ba, na kuma sa shi a cikin sha ɗayan farko. Minti ashirin da fara wasa ya faɗi shi kaɗai, babu wanda ya taɓa shi.

Wannan karon asibiti aka tafi, malamai muka yi karo-karo. Hoton ƙashi ya nuna tsagewa a siririn ƙashin da ke gefen ƙwauri ta waje, ɗan sama da idon sawu. Aka sa filasta na mako shida, likita ya ce kada ya yi tunanin gudu kafin wata uku. Ejen bai zo kallon wasan ba, lambarsa kuma ta daina shiga. A nan ne maganar ta fito fili: mahaifiyar yaron ta sayar da awakinta biyu ta ba da kuɗin da aka ce na fasfo ne.

Azumi ya kama ranar 23 ga Maris. Kyaftin ya daina zuwa makaranta ɗungurungum, darussa huɗu bai rubuta jarrabawarsu ba a ƙarshen zango na biyu. Abokansa da suka je dubiya sun ce ba ya fitowa zaure, sai a ce musu yana barci.

A fili kuwa, an ci mu wasa biyu a jere aka fitar da mu daga gasar. Amma a atisayen ƙarshe kafin azumi na ƙirga yara 19. Mai tsaron ragarmu, wani ɗan SS2 mara yawan magana da kowa ke ce wa Gola, shi ne ya riƙa raba riguna yana tattara ƙwallaye, ba tare da kowa ya sa shi ba.

Afrilun 2023: zaure da littafi

Kwana uku bayan ƙaramar Sallah, wadda aka yi ranar 21 ga Afrilu, na je gidansu da magariba. Mahaifinsa ya shimfiɗa min tabarma a zaure, muka gaisa, muka yi barka da shan ruwa. Da na kawo maganar sai ya ce, "Malam, ƙwallon nan ta ci min awaki biyu da ƙafar ɗa. Me kuma ya rage da za ta ci?"

Na ce, "Alhaji, ba ƙafarsa na zo aro ba. Hannunsa nake so, da biro."

Na roƙi abu biyu: ya dawo aji, sannan ranakun atisaye ya zauna a bakin fili ya riƙe mana rajista. Dattijon ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya kafa nasa sharaɗin: in yaron ya faɗi jarrabawar zango na uku, ko kallon ƙwallo ba zai ƙara ba. Aka kira Kyaftin ya fito da sanda, ya rame. Da ya ji abin da ake ciki ya ce, "Malam, so kake a yi min dariya." A gaban mahaifinsa na gaya masa cewa ranar da ya faɗi, laifina ya fi nasa, don ni ne babba, na ga ƙafar, kuma kofi nake hange. Bai amsa ba. Ranar Alhamis ya zo.

Littafin ba wani abu ba ne, irin na rubutun 'yan makaranta ne mai fallaye sittin. Na ja masa layi uku: suna, ya zo ko bai zo ba, sai dalili. Ƙa'ida ɗaya ce, ba a barin gurbin dalili babu komai, kuma ba a cike shi da zato, sai an je an tambayi mai shi.

Mako biyu na farko, duk wanda bai zo ba sai ya rubuta masa "lalaci". Na mayar masa da littafin na ce lalaci hukunci ne, ni dalili na ce a kawo. Ya yi tsaki a hankali, ya karɓa. Tunda sanda ba ta barinsa yawo sosai, sai ya riƙa zama a bakin ajin yara lokacin tara yana aikawa a kira masa su ɗaya-ɗaya. A mako na uku littafin ya fara magana. Wane yana tura kurar ruwa da yamma tun da mahaifinsa ya kwanta ciwo. Wane yaron bakanike ne, ubangidansa ba ya sakinsa ranar Alhamis. Wane takalminsa ya yage, yana jin kunyar zuwa da silifa. Waɗannan yara shekara biyu yana wasa da su, bai san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ni ma, in faɗi gaskiya, rabi kawai na sani.

Sunaye uku ya bar gurbinsu fari. Na nuna da yatsa. Ya kau da kai ya ce, "Sun ce ni ne." Ban ce masa komai ba, na sa hannu a ƙasan shafin na miƙa masa. Daga baya na ji ya je ya sami biyu daga cikinsu. Ɗaya ya dawo. Sauran biyun ba su ƙara taka filinmu ba har suka gama makaranta.

Mayu zuwa Yulin 2023: rabon aiki da kuɗin asusu

An cire filasta, ƙafar ta motse kamar ba tasa ba. Aka rubuta masa zuwa gashi, ya samu ya je 'yan lokuta, sauran ya riƙa yi a gida yadda aka nuna masa: tsayuwa da ƙafa ɗaya, ɗaga dunduniya, jan tafin ƙafa da tawul.

A lokacin ne na kawo tsarin ɗumama jiki da ake kira FIFA 11+. Minti ashirin ne kafin atisaye, kashi uku: gudu a hankali, sai motsin ƙarfafa cinya da ciki da daidaita tsayuwa, sai gudu mai sauri da juyi. Wani bincike da aka yi a Norway aka wallafa a 2008, a kan 'yan mata 'yan ƙwallo masu shekara 13 zuwa 17, ya nuna ƙungiyoyin da suka bi tsarin rauninsu ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ba ya buƙatar kaya, wanda shi ne ya fi jan hankalina. Na buga hotunan na ba Kyaftin na ce shi zai riƙa ja. Da usur a baki da sanda a gefe ya fara. Yara suka raɗa wa motsin sunaye, wanda ake durƙusawa a riƙe wa mutum dunduniya ya sunkuya gaba a hankali suka sa masa durƙuson raƙumi, har yau haka muke ce masa.

Sai na raba sauran aikin gida huɗu: mai kaya, wato ƙwallaye da famfo da riguna, mai ruwa, jarka biyu a cike kafin a fara, don zafin Kano a watannin nan yana kai maki 40, mai lokaci, da mai asusu. Duk wata ana juyawa, kuma dole a samu ɗan ƙaramin aji a ciki.

Abu biyu a nan ba su tafi yadda na tsara ba. Na ce bayan kowane atisaye a zauna minti goma, ƙarami ya fara magana, ya faɗi abin da ya yi kyau da abin da za a gyara. Zama uku aka yi babu yaron da ya buɗe baki. Na manta da inda nake: yaron da aka tarbiyyantar kada ya ɗaga murya gaban yayansa ba zai tashi ya gyara wa ɗan ajin ƙarshe wasa a bainar jama'a ba. Gola ne ya kawo mafita, ya ce kowane aji su keɓe su huɗu-huɗu su tattauna, sannan mutum ɗaya ya faɗi "abin da muka gani", ba tare da kama suna ba. Daga ranar bakuna suka buɗe. Na biyu, na kafa doka cewa wanda ya ci ƙasa da maki 40 a gwajin aji ba zai buga wasa ba. Gwajin farko ya kwashe min mutum tara. Na janye dokar, na maye ta da karatun rabin awa a ƙarƙashin darbejiya kafin atisaye, manya suna duba wa ƙanana. Wasu sun amfana, wasu zaman jiran usur kawai suke yi.

Ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Kuɗin A Daidaita Sahu zuwa wasan waje ya fi ƙarfinmu. Yaran da kansu suka yanke kowa ya riƙa kawo naira 100 a mako, suka ce Kyaftin ya riƙe tunda littafi na hannunsa. A tsakiyar Yuli, ana jibi wasa, ya same ni bayan an tashi ya ce kuɗin ba su cika ba. Naira 1,800 babu. Ya ɗauki 1,200 ya yi kuɗin motar zuwa gashi da niyyar mayarwa, sauran 600 kuma ya rasa inda lissafin ya kuɓuce masa. Ya roƙe ni in cike, ya biya ni a hankali, kada kowa ya ji.

Na ce kuɗin ba nawa ba ne, don haka ba ni zai gaya wa ba. Washegari a zaman minti goma ya miƙe ya faɗa, muryarsa na rawa. Aka yi tsit. Can wani ɗan JSS3, cikin waɗanda ya taɓa sa tsallen kwaɗo, ya ce, "Yaya, da ka tambaye mu ai da mun ba ka." Suka yanke ya biya cikin wata guda, kuɗin su koma hannun Gola, littafin ya zauna a nasa, kuma kada a ƙara cire ko sisi sai mutum biyu sun sa hannu. Ya biya cikin mako uku, da ɗinkin buhu a Dawanau.

Ya fara sassarfa a Yuni, ya taɓa ƙwallo a Yuli. Ya ci jarrabawar zango na uku, ba da rata mai yawa ba.

Satumbar 2023 zuwa Fabrairun 2024: ƙuri'a a cikin hula

Da aka dawo sabuwar shekara na sanar cewa ba zan ƙara naɗa kyaftin ba, zaɓe za a yi. Kowa ya rubuta suna a 'yar takarda ya jefa a hulata. Ƙuri'a 23: Gola 12, Kyaftin 9, wani 2.

Ranar Alhamis Kyaftin bai zo ba. A gurbin dalili wanda ya riƙe littafin ranar ya rubuta "an je an tambaya, ya ce gobe". Ranar Juma'a ya zo da wuri, ya same ni ina hura ƙwallo, ya ce, "Malam, abin nan ya yi min zafi." Na ce na sani. Ya ɗan tsaya, sannan ya ciro kambun daga jaka ya wuce wurin Gola. Shi ya zama mataimaki, ɗumama jiki da rajista suka ci gaba da zama nasa.

A ƙarshen Nuwamba muka kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar shiyya. Aka tashi 1-1, Kyaftin ne ya ci mana, ya kuma karɓi katin gargaɗi saboda gardama da alƙalin wasa, don zuciyar nan ba ta tafi ko'ina ba. A bugun fenareti wani ɗan SS1 ya buga sama, aka fitar da mu. Ɗaliban da suka biyo mu kallo suka fara yi wa yaron ihu. Kyaftin ya je ya ɗago shi, ya shiga tsakaninsa da su, suka hau A Daidaita Sahu ɗaya, kuma bai sauka a unguwarsu ba sai da ya raka shi ƙofar gida.

Lokacin gasar kofin Afirka a Kwaddibuwa, inda Ahmed Musa yake kyaftin ɗin tawaga amma ya yi gasar a benci, William Troost-Ekong na ɗaure da kambu har wasan ƙarshe da aka ci Najeriya 2-1 ranar 11 ga Fabrairu, yara suka riƙa tsokanar Kyaftin da Ahmed Musanmu. Ba ya so. Yakan ce, "Ni ai ina bugawa."

Agustan 2024: inda aka tsaya

Sakamakon WAEC ya fito: kiredit biyar har da Turanci, lissafi bai kai ba, zai sake zama. Idon sawun yana kumbura idan an yi sanyi, gudunsa bai koma yadda yake ba. Yana buga wa ƙungiyar unguwarsu, da rana kuma yana Dawanau, shi ke riƙe wa mahaifinsa littafin bashi. A makaranta, rajista tana nuna yara 20 cikin 25 ne ke zuwa a yawancin ranaku. Targaɗe biyu muka samu a shekarar, ta baya biyar, sai dai ƙungiya ɗaya ta yi ƙanƙanta a gina hujja a kanta.

Abin da na fahimta

Zagayen fili bai yi aiki ba saboda na hore shi da abin da ya fi iyawa, sannan na nuna masa cewa shugabanci shi ne ikon wahalar da na ƙasa, ya kuwa kwafa daidai. Labarin Ahmed Musa ya faɗa kunnen da ejen ya riga ya cika. Barazanar da na kasa cikawa ta fi duka ɓarna, don ta tabbatar wa yara 13 cewa mai cin ƙwallo yana sama da doka, kuma wannan tunanin ne ya sa ni da shi muka yarda ya shiga fili da tsagaggen ƙashi.

A ganina gurbin dalili ne ya fi komai tasiri. Ya tilasta masa yin tambaya da sauraron amsa, abin da kambu bai taɓa nema daga gare shi ba. Ya kuma ba shi matsayin da bai dogara da ƙafarsa ba, a daidai lokacin da yake ganin in babu ƙafar shi ba kowa ba ne. Juriyar da aka gani a Nuwambar 2023 ba daga wahalar karaya ta fito ba, don karayar ita kaɗai ɗaki ta kulle shi. Ta fito ne daga ƙananan faɗuwa da ya sha a gaban mutanen da ba su kore shi ba: littafin da aka mayar masa, naira 1,800, ƙuri'a tara. Kowacce ta yi zafi, babu wadda ta fi ƙarfinsa, kuma kowacce washegarinta akwai aikin da ke jiransa. Sharaɗin mahaifinsa ya riƙe shi a aji fiye da dokar maki 40 da na ƙirƙiro. Shekaru ma sun yi nasu, ɗan 16 da ɗan 18 ba ɗaya ba ne. Kuma da Gola bai riƙe ƙungiyar a watan Maris ba, da babu inda Kyaftin zai dawo.

An yi asarar da ba ta kamata ba: yara biyu, awaki biyu, da saurin ƙafar da ba zai dawo ba. Duk abin da ya gyara lamarin ana iya fara shi tun Satumbar 2022 ba tare da kowa ya karye ba. Yanzu ƙa'idojinmu uku ne. Wanda ya ji ciwo a idon sawu ya kasa taku huɗu, hoto za a ɗauka kafin komai, wanda ma'auni ne da likitoci ke amfani da shi. Ba a tsayawa takarar kyaftin sai an riƙe ɗaya daga cikin ayyukan nan na zango guda. Baƙon da ya zo tambayar yaro, ofishin shugaban makaranta zai fara zuwa, a kira uban yaron.

Littafin yana kan na uku, wani ɗan SS2 ke riƙe da shi. Akwai kuma wani sabon ɗan gaba da ya shigo daga ƙaramar sakandare, wanda a ganina ya fi Kyaftin ƙafa. Tuni an ga wani mutum a bakin fili yana tambayar gidansu. Na ba yaron aikin jarka, sau biyu ke nan ana fara atisaye babu ruwa.